Me ya sa kotu ta ƙi ceton Balarabe Musa amma ta mayar da Ladoja kan kujera?

Tsohon Ɗan Santsi ya rubuta:

Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Tambaya ce da ni ga lauyoyi da duk wanda ya karanci tsarin mulki, kuma don Allah a amsa mini da Hausar da tela zai gane, don ni a kan keken ɗinki na tsufa, nan Funtuwa.

Ranar 23 ga watan Yunin 1981 majalisar dokokin tsohuwar jihar Kaduna, wadda a lokacin ta haɗa har da mu Katsinawa, ta tsige Alhaji Abdulƙadir Balarabe Musa, Allah ya jiƙansa. Yaran yanzu labari kawai suke ji. Gwamna ɗan PRP, majalisa kuwa 'yan NPN ne suka cika ta. Duk sunayen kwamishinonin da ya aika musu sai su yi watsi da su, har ya sauka bai taɓa zama da majalisar kwamishinoni ba. Wannan fa shi ne mutumin da ya soke haraji da jangali, shi da Abubakar Rimi a Kano. Mu da muka ga ana shanya iyayenmu a rana saboda kuɗin haraji, mun san darajar wannan. Tutocin makulli kuwa, alamar PRP, Allah kaɗai ya san yawan waɗanda na ɗinka kyauta.

Tun ana cikin rikicin ya garzaya kotu, yana cewa ba a bi ƙa'ida ba. Muka ce alhamdulillahi, yau gaskiya za ta yi halinta. Babbar kotu ta ce ba ta da hurumi. Aka ɗaukaka ƙara, can ma aka ce babu hurumi, wai tsarin mulki ya ce a bar majalisa da abinta. Mataimakinsa Abba Musa Rimi ya hau, mu kuma muka haɗiye, da ma PRP ɗin ta riga ta dare gida biyu, santsi da taɓo.

Bayan shekara 25 sai ga wani abu. A watan Janairun 2006 'yan majalisar Oyo suka tsige gwamnansu Rashidi Ladoja, kafin shekarar ta fita Kotun Ƙoli ta ce a ba shi kujerarsa. Peter Obi a Anambra ma kotu ta mayar da shi, Joshua Dariye a Filato haka. Jikana da ke karatun lauya ya buɗe mini kundin 1979 da na 1999, ya karanta mini wurin da aka hana kotu sa baki. Ya ce magana ɗaya ce, lamba kawai aka sauya, daga sashe na 170 zuwa na 188.

To in rubutu bai canja ba, me ya canja? Alƙalan wancan zamani ne suka ji tsoro, ko na baya ne suka wuce gona da iri? Ko kuwa shari'ar ma tana da 'yan mowa da 'yan bora? Sannan wa ke sama da wani, majalisar da muka yi layi a rana muka zaɓa, ko alƙalin da babu wanda ya jefa wa ƙuri'a? Ba don fama tsohon miki nake tambaya ba. Da yawa daga waɗanda suka yi abin sun riga mu gidan gaskiya. So nake in gane kafin in bi su.

Direban Tirela ya rubuta:

Baba ai wannan ba ta buƙatar lauya. Shari'a a ƙasar nan ta mai ƙarfi ce. A 1981 NPN ke riƙe da gwamnatin tarayya, Shagari na Legas, wane alƙali ne zai tsaya wa ɗan PRP ya jawo wa kansa? Sauran duk surutun masu baƙar riga ne.

Baristan Kawo ya rubuta:

Wa alaikumus salam Baba, Allah ya ƙara lafiya da nisan kwana.

Bari in fara da maganar ɗan'uwana direba. Tana da daɗin faɗa, amma in aka bi ta ba ta kai mu gida. Ladoja ba shi ne mai ƙarfi ba a 2006. Ya ɓata da Lamidi Adedibu, uban siyasar Ibadan, kuma kowa ya san ba sa ga-maciji da Obasanjo, wanda ke kan mulki a Abuja. Duk da haka ya ci. Sannan a watan Oktoban 1981, ƙasa da wata 4 bayan tsige Balarabe, Kotun Ƙoli ta rushe dokar rabon arzikin ƙasa da Shagari ya riga ya sa wa hannu. Jihar Bendel ta Ambrose Alli, ɗan UPN, ce ta kai ƙara. Dalilin kotu shi ne, da dattawa da wakilai suka saɓa an kai ƙudurin gaban kwamitin haɗin gwiwa, daga nan aka zarce da shi wurin shugaban ƙasa ba a mayar wa zaurukan biyu sun amince ba. Ashe alƙalan wancan zamani suna iya taka wa NPN burki, har su leƙa cikin majalisa su ga yadda aka yi aiki. To me ya hana su leƙawa a Kaduna?

Abin da ya hana su, a maganar tsigewa kundin ne da kansa ya ce kada su leƙa. Ga yadda sashe na 188 ya shimfiɗa abin. Kashi ɗaya cikin uku na 'yan majalisa su sa hannu a takardar zargi su miƙa wa kakaki. Cikin kwana 7 kakaki ya ba gwamna kwafi, ya ba kowane ɗan majalisa. Cikin kwana 14 a kaɗa ƙuri'a kan ko a bincika, kuma sai biyu cikin uku na dukkan 'yan majalisar sun yarda, ba na waɗanda suka zo ranar kawai ba. Daga nan Babban Jojin jiha ya naɗa mutum 7, ba ma'aikatan gwamnati ba, ba 'yan majalisa ba, ba 'yan jam'iyya ba. Gwamna ya kare kansa a gabansu, da bakinsa ko ta lauya. Suna da wata 3. In sun ce zargi bai tabbata ba, magana ta mutu. In sun ce ya tabbata, majalisa ta sake kaɗa ƙuri'a, nan ma biyu cikin uku. Sai ƙaramin sashe na 10 ya rufe da cewa babu kotun da za ta saurari ƙara a kan abin da kwamitin ko majalisar suka yi.

A gaya wa ƙaramin lauyanmu ya sake duba wuri ɗaya. A kundin 1979 kakaki ne ke zaɓo mutum bakwai ɗin, majalisa ta amince. Wato mai ƙararka shi ke zaɓo masu bincikenka. A 1999 ne aka ba Babban Joji. Amma kan hana kotu sa baki, gaskiyarsa, magana ɗaya ce.

Alƙalan da suka duba shari'ar Balarabe Musa da Auta Hamza sun ɗauki wannan ƙaramin sashe a yadda ya zo: an ce kada mu shiga, ba ma shiga. A ganinsu tsige gwamna rikicin siyasa ne, wakilan jama'a aka ba, in sun yi ba daidai ba jama'a su rama ranar zaɓe. Kuma ba su suka ƙirƙiro wannan fahimta ba. Amurka, inda muka aro tsarin shugaba mai cikakken iko a 1979, har gobe a kan haka take. Wani alƙalin tarayya, Walter Nixon (ba tsohon shugaban ƙasar ba), ya yi ƙarar cewa majalisar dattawa ba ta saurare shi yadda ya kamata ba kafin ta cire shi. A 1993 Kotun Ƙolinsu ta ce wannan ba ta kotu ba ce. Mu ma nan, har cikin wannan jamhuriya Kotun Ɗaukaka Ƙara ta bi sawun hukuncin Balarabe a shari'ar Enyinnaya Abaribe, lokacin yana mataimakin gwamnan Abiya.

Abin da ya canja shi ne abin da alƙalai suka gani da idonsu. Daga ƙarshen 1983 zuwa 1999 soja ke mulki, kuma dikiri bayan dikiri sai an liƙa masa cewa babu kotun da za ta saurara. Waɗanda ke Kotun Ƙoli a 2006 a cikin wannan suka yi shekaru da dama na aikinsu, sun ƙoshi da jin wannan jimla. Sannan daga Disambar 2005 zuwa Nuwambar 2006 gwamna 5 aka tsige: Alamieyeseigha, Ladoja, Fayose, Obi da Dariye. Dubi yadda aka yi na Oyo. Majalisar mutum 32 ce. Mutum 18 suka tattara suka nufi otal ɗin D'Rovans a Ibadan, ba tare da kakakin majalisar ba, suka zauna a can suka ce sun fara shirin tsige gwamna. Biyu cikin uku na 32, ko ɗan firamare ya san ya haura 21. Na Filato ma ya fi muni, waɗanda suka tsige Dariye ba su kai 10 ba a majalisar mutum 24.

Babbar kotun Ibadan ta yi irin ta Kaduna, ta ce babu hurumi. Kotun Ɗaukaka Ƙara ta juya hukuncin ranar 1 ga Nuwamba, Kotun Ƙoli ta tabbatar ranar 7 ga Disambar 2006. Ita ce shari'ar Inakoju da Adeleke, marigayi Mai shari'a Niki Tobi ne ya rubuta babban hukuncin. Ba su ce ƙaramin sashe na 10 ya mutu ba. Ba su da ikon faɗin haka tunda a cikin kundin yake. Da doka ce kawai ta majalisa, da sashe na 4(8) ya kashe ta, don ya haramta wa majalisa yin dokar da za ta rufe ƙofar kotu. Abin da suka ce shi ne, na 10 ba shi kaɗai ke tsaye ba, a bayan na 1 zuwa na 9 yake. Tsigewar da aka hana kotu taɓawa ita ce wadda aka yi bisa waɗancan matakai. Taron mutum 18 a otal ba zaman majalisa ba ne, don haka babu abin da na 10 zai kare.

Baba ka san kasuwar hatsi. Kotu ba ta ce za ta duba ko dawar mai kyau ce ko mai ƙwari ba. Tiyar kawai take dubawa, ta cika ko ba ta cika ba. Ko laifin gwamna ya kai a cire shi, wannan na majalisa ne, don ƙaramin sashe na 11 ya ce babban laifi shi ne mummunan keta tsarin mulki, ko duk abin da majalisa ta ga ya kai babban laifi. Niki Tobi ya ja kunne cewa ba don ramuwar gayya ta siyasa aka yi sashen ba, amma a aikace abin da ke ceton mutum lissafi ne da ƙa'ida. An kai adadi? An ba shi takarda? An saurare shi? Da haka Sani Abubakar Danladi, mataimakin gwamnan Taraba, ya dawo a Nuwambar 2014, don kwamitin bai ba shi damar kare kansa ba.

Ga wadda ba za ta yi maka daɗi ba. Duk majalisar da ke da biyu cikin uku na gaskiya, ta yi haƙuri ta bi kwanakin, ta saurari gwamna ko da da kunne ɗaya ne, hukuncin Ladoja ba zai cece shi ba komai gaskiyarsa. Abin da aka hana Balarabe shi ne ko awon ma ba a yi masa ba. A nan kam ni ina ganin an ƙware shi. Ya kamata a ce an duba ƙorafinsa, ko da daga ƙarshe zai faɗi.

Wa ke sama? A Ingila majalisa ce. A Nuwambar 2023 Kotun Ƙolinsu ta ce Ruwanda ba wuri ne mai aminci da za a tura masu neman mafaka ba, a Afrilun 2024 majalisa ta yi doka ta ce mai aminci ne, alƙalai su ɗauka haka. A nan kuwa sashe na 1 ya ce kundin ne a sama, duk dokar da ta saɓa masa ta ɓaci gwargwadon saɓawar. Sai dai kundi ba shi da baki, sai an karanta shi, kuma mai karatun ƙarshe alƙali ne.

Tsohuwar Akawu ta rubuta:

Baba barka da war haka. Barista ya yi bayani, amma bayanin lauya ne, kuma lauya ba ya ganin laifin kotu sai ranar da ya faɗi shari'a. Ni a ofishin akawun wata majalisar jiha na yi aiki har na yi ritaya, bari in faɗi yadda abin yake daga ciki.

Na yarda hukuncin Ladoja ya gyara mana zama. Kafin shi, rajistar halarta wani lokacin sai an tashi ake bi da ita ofis-ofis ana sa hannu. Bayansa kuwa, in magana mai nauyi ce, sai ka ga akawu da kalanda a gabansa yana ƙirga kwanaki da biro, ana buga hatimi da lokaci a kan kowace takarda, ana ɗaukar hoton sandar majalisa a kan teburinta don kada gobe a ce ba a zaure aka zauna ba.

Amma su ma masu mulki sun karanta hukuncin. Tunda an ce sai an ba ka takarda, to kada ka karɓa. Akwai masinjanmu da aka aika da wata takarda, ba ta tsigewa ba ma, gayyata ce kawai ga wani babba. Ya wuni a bakin ƙofa, masu gadi suka ce ba su da izinin karɓar ko katin biki. Da la'asar ya dawo, ambulan ɗin ya jiƙe da gumin hannunsa. Ku dubi Murtala Nyako a Adamawa. An tsige shi a Yulin 2014, an buga takardar zargin a jarida maimakon a damƙa masa hannu da hannu. A Fabrairun 2016 Kotun Ɗaukaka Ƙara ta ce tsigewar ba ta yi ba saboda wannan. Ni ba ina cewa yana da laifi ko ba shi da shi ba. Cewa nake a wannan shari'ar ba a ce uffan kan zarge-zargen ba, magana duk ta ƙare a kan wa ya miƙa wa wa ambulan. Shi ma kuma me ya samu? Wa'adinsa ya ƙare tun Mayun 2015, Kotun Ƙoli ta ƙi mayar da shi.

Sannan Barista ka amsa mini wannan. Sashe na 292 ya ce gwamna na iya cire Babban Jojin jiha in biyu cikin uku na majalisa suka nemi haka. An yi hakan a Kwara a 2009 da Mai shari'a Raliat Elelu-Habeeb. A 2012 Kotun Ƙoli ta ce a'a, sai majalisar kula da harkokin shari'a ta ƙasa, NJC, ta bincika ta ba da shawara tukuna. Wa ke shugabantar NJC? Alƙalin Alƙalan Najeriya. Wato in majalisa za ta taɓa gwamna, alƙali ne zai naɗa kwamiti, alƙali ne zai duba ko an bi ƙa'ida. In kuma alƙali za ta taɓa, sai alƙalai sun yarda. To su wa ke auna tasu tiyar?

Kuma kada a ɗauka majalisa ba ta ramawa. A Oktoban 2007 Kotun Ƙoli ta ce a rantsar da Rotimi Amaechi gwamnan Ribas, alhali Celestine Omehia ne ya yi yawon kamfe aka zaɓa, bisa hujjar cewa jam'iyya ce ke cin zaɓe kuma Amaechi ne halastaccen ɗan takararta. Majalisar tarayya ta sa sashe na 141 a dokar zaɓe ta 2010, ta ce kotu ba za ta ba da kujera ga wanda bai shiga dukkan matakan zaɓe ba. Daga baya aka ɗauki maganar aka dasa ta a cikin kundin kansa, sashe na 285, inda alƙali ba zai iya soke ta ba.

'Yan majalisa na da laifinsu, na fi kowa sani. Amma su duk shekara 4 sai sun koma mazaɓa sun fuskanci ihu da jifa. Alƙali kuwa sai ya cika 70.

Ɗan Maraɗi ya rubuta:

Salamu alaikum. Ni daga wannan gefen iyaka nake karanta ku. Ku kuna gardamar wa ya fi wani tsakanin majalisa da kotu, mu a Nijar a 2009 mutum guda ya share su duka biyu cikin mako 5. Shugaba Tandja Mamadu na son tazarce. Ranar 25 ga Mayu Kotun Tsarin Mulki ta ba da ra'ayi cewa zaɓen raba gardamar da yake so bai halatta ba. Washegari ya rushe majalisar dokoki. Ranar 12 ga Yuni kotun ta soke dokar kiran zaɓen, ranar 29 ga wata ya rushe kotun ita ma, har da shugabarta Madam Salifou Fatimata Bazeye. Aka yi zaɓen ranar 4 ga Agusta. Ranar 18 ga Fabrairun 2010 sojoji suka zo suka ɗauke shi.

Tsarinmu na lokacin irin na Faransa ne, kotu guda aka ware wa tsarin mulki, tana iya duba doka tun kafin shugaba ya sa mata hannu. Duk bai hana komai ba. Shi ya sa ni abin da ya ba ni mamaki a labarin Ladoja ba hukuncin ba ne. Mataimakinsa Alao-Akala, da ya yi wata 11 a kan kujerar, ya tashi ya ba shi.

Tsohon Ɗan Santsi ya rubuta:

Allah ya saka muku da alheri, Barista, Hajiya, da ɗan'uwanmu na Maraɗi. Direba kai ma Allah ya kiyaye hanya. Na sa yaron ya sake buɗe littafin, ya ga maganar kakaki da mutum bakwai, ya sosa ƙeya.

Barista na gane, amma ban huce ba. In na fahimce ka, zalunci in an yi shi cikin tsari, an ƙirga kwanaki daidai, an buga hatimin da Hajiya ke faɗa, to ya zauna daram. Mu a lokacin ba lissafin kujeru ne ya dame mu ba, cewa muke mutumin nan bai ci kuɗin kowa ba. Yanzu kun ce ko yau aka maimaita, kotu ba za ta yi wannan tambayar ba. Ni da ni ne alƙali da na yi ta. Sai dai maganar Hajiya ta tsaya mini a rai, don in aka ba alƙali ikon cewa wannan laifi ya kai, wancan bai kai ba, wata rana gwamnan da mu talakawa muke addu'ar a cire, shi ne zai samu alƙalin da zai ce bai kai ba.

Wani abu kuma na tuna. Shi Balarabe bai yi fushi da kotu ba. A 2002 shi da Gani Fawehinmi da wasu suka yi ƙarar INEC kan sharuɗɗan rajistar jam'iyyu. Kotun Ƙoli ta ba su gaskiya, ta soke sharuɗɗan da aka ƙara a kan na kundin, har da wasu sassan dokar zaɓen da majalisar tarayya ta yi. Da haka PRP ta dawo kan takardar ƙuri'a a 2003. Ranar da na ji a rediyo da wuri na rufe shago.

Saura tambaya ɗaya. Wannan fahimta ta Niki Tobi ta zauna ke nan har abada, ko wata rana ana iya komawa irin ta 1981?

Baristan Kawo ya rubuta:

Hajiya na karɓi bulalata. Hujjar kotu a shari'ar Kwara ita ce 'yancin alƙalai. In gwamna da majalisarsa za su iya cire Babban Joji da rana tsaka, to mai naɗa mutum bakwai ɗin ya zama ɗan amshin shata. An gani a Ekiti a 2006, majalisa ta dakatar da Babban Joji ta ɗora wani ya naɗa mata sabon kwamiti, aka tsige Fayose, rikici ya kai Obasanjo ya sa dokar ta-ɓaci. Amma cewa alƙalai ne ke binciken alƙalai, gaskiyarki, ni ma ba ta kwanta mini ba.

Baba, ba ta zauna har abada ba. Kotun Ƙoli na iya sauka daga kan hukuncinta na baya in ta gamsu kuskure ne, ko da yake ba ta cika yi ba. Ko kuma 'yan majalisa su gyara sashe na 188 ɗin kansa, su rubuta ɓaro-ɓaro cewa ko matakan ma ba na kotu ba ne. Sashe na 9 ya ce sai an samu biyu cikin uku na dattawa, biyu cikin uku na wakilai, da majalisun jihohi 24 cikin 36. Da wuya, amma an taɓa yin wanda ya fi wannan.

A 1962 gwamnan Jihar Yamma, Ooni na Ife Adesoji Aderemi, ya cire Firimiya Akintola bisa wasiƙar da 'yan majalisa 66 suka sa wa hannu, ba tare da an kaɗa ƙuri'a a zaure ba. Shari'a ta kai har Landan, inda kotun da ke sama da tamu take a lokacin. A Mayun 1963 ta ce cirewar ta halatta. Nan da nan majalisar Yamma, wadda ta riga ta koma hannun Akintola, ta gyara tsarin mulkin yankin ta ce sai da ƙuri'a a zaure, ta kuma mayar da gyaran baya zuwa Oktoban 1960, majalisar tarayya ta amince. Akintola ya ci gaba da zamansa. Ranar 1 ga Oktoban 1963 Najeriya ta zama jamhuriya, aka daina kai ƙara Landan gaba ɗaya.